Neman Nufin Allah da Matsayin Addu'a a Addinin Kirista: Misali daga Rayuwar Ignatiyus na Loyola

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu duba wata tambaya da ta daɗe tana cin ran malaman addinin Kirista, watau yadda mutum zai gane abin da Allah yake nufi da rayuwarsa, da kuma irin aikin da addu'a take yi a cikin wannan nema. Ba mu da niyyar bin ɗarikun Kirista ɗaya bayan ɗaya, domin fili ba zai ishe mu ba. Za mu share fage da ma'anar kalmomi, mu kawo ra'ayin magabata a gurguje, sa'an nan mu tsaya a kan mutum guda, Ignatiyus na Loyola (1491-1556), wanda ya bar bayani filla-filla game da nasa neman. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa, a koyarwar Kirista, babban aikin addu'a shi ne gyara zuciyar mai roƙo har ta iya yin zaɓe na gari, ba a ɗauke ta a matsayin tagar leƙen gaibu ba.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kiristoci masu magana da Hausa, waɗanda suka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da harshensu tun 1932, suna amfani da kalmar "addu'a" ga kowace irin ganawa da Allah: roƙo, da godiya, da yabo, da furta zunubi, har da zama shiru a gabansa. Taron ibada na majami'a kuwa "sujada" suke ce masa. Saboda haka idan mun ce addu'a a nan, ma'anarta ta fi roƙon biyan bukata faɗi.

"Nufin Allah" shi ya fi wuyar sha'ani. Idan Bahaushe ya ce wa wanda aka yi wa rasuwa ko gobara "nufin Allah ne", ƙaddara yake nufi, abin da ya riga ya auku, wanda ba a nemansa sai dai a karɓe shi da haƙuri. Malaman tauhidin Kirista sun san wannan ma'ana, suna kiranta ɓoyayyen nufi, suna kuma bambanta ta da bayyanannen nufi, watau umurni da hani waɗanda kowa zai iya karantawa. Sukan kafa hujja da Maimaitawar Shari'a 29:29, inda aka raba abin da Allah ya ɓoye da abin da ya bayyana wa mutane. Na farko ba a iya saninsa kafin ya auku, na biyu kuwa ba ya bukatar wani dogon nema. Gardamar tana kan ma'ana ta uku, wadda ake ce wa "kira": wace sana'a, wane aure, wane gari, ga wannan mutum shi kaɗai? Littafi ya hana sata da zina, amma bai ce wa wane ya zama likita ko manomi ba.

3.0 Ra'ayin Magabata

Tushen maganar duka shi ne addu'ar Yesu a lambun Getsamani a daren da aka kama shi (Markus 14). Ya roƙa a ɗauke masa wahalar da ke tafe, ya kuma miƙa wuya ga abin da Uba ya so, wahalar kuwa ba a ɗauke ta ba. Haka Manzo Bulus ya ce ya roƙa sau uku a raba shi da wata ƙaya da ke jikinsa, aka bar masa ita (2 Korantiyawa 12). Ke nan addu'o'i biyu daga cikin mafiya shahara a Sabon Alkawari ba su sami amsar da aka roƙa ba, dole kuwa malamai su ce wani abu a kan haka.

Agustin, bishof na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya amsa a wata wasiƙa da ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Foroba wajen shekara ta 412. Ya ce Allah ba ya bukatar a sanar da shi abin da ya riga ya sani. Addu'a tana faɗaɗa muradin mai roƙo ne don ya iya ɗaukar abin da za a ba shi. Toma Akwinas (ya rasu 1274) ya ƙara da cewa ba a yin addu'a don a sauya abin da Allah ya tsara, sai don a sami abin da ya tsara bayarwa ta hanyar addu'a. Martin Luta kuma, wanda ya shiga gidan sufaye a 1505 saboda alwashin da ya yi cikin tsoron tsawa, daga baya ya koyar da cewa noma da jima da renon yara kira ne daga Allah, daidai da aikin firist. Duk wannan bayani ne mai kyau, sai dai bai gaya wa saurayin da ke tsaye a mararraba yadda zai yi ba. A nan ne Ignatiyus ya shigo.

4.0 Ignatiyus na Loyola

Ignatiyus ɗan sarauta ne daga ƙasar Bask a arewacin Sifen, ya tashi a fada, yana son ado da takobi da suna. Ranar 20 ga Mayu, 1521, harsashin igwar Faransawa ya karya masa ƙafa a yaƙin Famfalona. Yana kwance yana jinya a gidansu, sai ya nemi littattafan labarun jarumai don ya kashe lokaci, ba a samu ba, aka ba shi tarihin Almasihu da na tsarkaka. Yakan yi sa'o'i yana tunanin bajintar da zai yi don ya burge wata gimbiya, wani lokaci kuma yana tunanin yin irin rayuwar Faransis da Dominik. Duka biyun suna yi masa daɗi yayin da yake cikinsu. Amma a hankali ya lura cewa na farko yakan bar shi a bushe bayan ya wuce, na biyu kuwa yakan bar shi da farin ciki mai daɗewa. Wannan ƙaramar lura ita ce harsashin dukan abin da ya gina daga baya, watau mutum ya dubi abin da tunani ya bari a zuciya bayan ya tafi.

Kada mu ɗauka cewa daga nan hanya ta miƙe. A kan hanyarsa ta barin gida a 1522 ya yi gardamar addini da wani matafiyi, har ransa ya ɓaci yana tunanin ya bi shi da wuƙa. Da ya rasa abin yi, sai ya sakar wa alfadarinsa linzami a mararraba, wai duk hanyar da ya bi ita ce nufin Allah. Alfadarin ya bar hanyar matafiyin. Shi kansa ya ba da wannan labari da tsufansa don ya nuna irin makantar da yake ciki a lokacin. A garin Manresa, inda ya yi kusan shekara guda, yana addu'a sa'a bakwai kowace rana, waswasi game da zunubansa ya kama shi har ya yi tunanin hallaka kansa, ya ƙi cin abinci mako guda cur, sai da firist mai jin furcinsa ya umurce shi ya ci. Yawan addu'a kaɗai, ashe, bai ba shi natsuwa ba.

Duk da haka ya fito daga Manresa da tabbacin cewa ya gane kiransa: zai je Urushalima ya zauna can har mutuwa. Ya isa a watan Satumba na 1523. Bai cika wata guda ba shugaban 'yan ɗariƙar Faransis, masu kula da wurare masu tsarki, ya ce ya koma, domin ana kama baƙi irinsa ana neman fansa. Da Ignatiyus ya yi taurin kai, sai shugaban ya gaya masa yana da ikon fid da shi daga ikilisiya. Ya bi umurni. Wannan shi ne wurin da ya fi jan hankalinmu a tarihinsa, domin ga mutum ya yi addu'a, ya sami natsuwa, ya tabbata, amma ƙofa ta rufe. Bai ce addu'arsa ta yi ƙarya ba, bai kuma ce shugaban maƙiyin Allah ne ba. Ya ɗauki rufewar ƙofar a matsayin wani ɓangare na amsa, ya sake tambayar kansa abin da ya kamata ya yi.

Abin da ya yanke shi ne karatu. A 1524, yana da shekara 33, ya zauna da yara a Barselona yana haddar nahawun Latin. Wani abin mamaki ya faru a nan. Duk lokacin da ya ɗauki darasi, sai tunane-tunane masu zaƙi game da Allah su cika masa kai, irin waɗanda ba ya samu ko a lokacin addu'a, har ya kasa hadda. Bayan ya auna abin, sai ya yanke hukunci cewa jarraba ce, tun da tana janye shi daga aikin da ke gabansa. Daga nan ya wuce Alkala da Salamanka, inda hukumomin ikilisiya suka tsare shi sau biyu saboda yana koyar da addini ba tare da shaidar karatu ba, sa'an nan ya isa Faris a 1528.

Ranar 15 ga Agusta, 1534, shi da abokansa shida suka yi alwashi a Monmartar cewa za su je Urushalima, in kuwa ba su sami jirgi cikin shekara guda ba, za su miƙa kansu ga Fafaroma ya aike su inda ya ga dama. Suka taru a Benis a 1537, sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Benis da Turkawa, jirgi bai tashi ba. Ƙofar nan ta rufe karo na biyu ke nan.

4.1 Hanyar da ya Tsara

Daga waɗannan faɗi-tashi Ignatiyus ya tattara ɗan littafinsa na atisayen ruhu, wanda Fafaroma Bulus na Uku ya amince da shi a 1548. Tsarin na kwana talatin ne na keɓewa, amma abin da ya shafe mu shi ne ƙa'idojin zaɓe.

Da farko, ba a kawo haramun gaban Allah a ce a zaɓa. Zaɓe yana tsakanin abubuwa ne waɗanda duk halal ne. Sa'an nan mai nema ya roƙi zuciyarsa ta tsaya daidai kamar ma'auni, kada ta rinjaya wajen arziki ko talauci, lafiya ko ciwo, suna ko rashinsa. Wannan shi ne mafi wuya, a nan ne kuma yawancin addu'ar take ƙarewa, domin galibi mutum ya riga ya zaɓa, sa hannun Allah kawai yake nema. Ignatiyus ya yarda akwai lokacin da kira yake zuwa sarai ba shakka, kamar na Bulus da na Matiyu, amma bai gina hanyarsa a kan wannan ba. Mafi yawan mutane, a ganinsa, za su gane ne ta lura da natsuwa da ƙuncin rai na kwanaki da yawa, ko kuwa, in zuciya tana kwance, ta jera amfani da illar kowane ɓangare da hankali. Ya ba da wasu dabaru: mutum ya ɗauka wani baƙo ne ya zo neman shawararsa a kan wannan al'amari, me zai ce masa? Ko ya ɗauka yana bakin mutuwa, wanne zai so a ce ya zaɓa? Ya kuma yi gargaɗi cewa kada a sauya shawarar da aka yanke cikin natsuwa a lokacin da rai yake cikin ƙunci.

Masu sauraro da suka san istihara za su ga kama, domin a duka biyun bawa yana neman Allah ya zaɓa masa alheri cikin abin da yake halal, yana kuma haɗawa da shawarar mutane. Za su kuma ga cewa a duka biyun akwai masu mai da abin duba. A Sabon Alkawari an jefa ƙuri'a wajen zaɓen Matiyas (Ayyukan Manzanni 1), ba a sake ambaton haka ba bayan nan, amma al'adar ba ta mutu ba. Jon Wesli, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ya jefa ƙuri'a a 1737 a kan ko ya auri wata budurwa a Jojiya ta Amurka. Mu a ganinmu wannan ba shi da bambanci da sakar wa alfadari linzami.

Hanyar Ignatiyus ma tana da nata rauni. Natsuwa abu ce ta cikin zuciya, ba mai ganinta sai mai ita, mutum kuwa yana iya samun natsuwa a kan son ransa. Wannan ya sa wasu malaman Furotesta, kamar Garry Friesen a littafinsa na 1980, suka ce babu wani ɓoyayyen tsari na kowane mutum da aka wajabta masa ganowa. Ya kiyaye umurni, ya yi amfani da hikima, ya zaɓa. Muna ganin suna da gaskiya wajen sauke wa mutane nauyin tsoron kuskure, amma sun rage wa addu'a aiki fiye da kima. Ignatiyus dai bai bar natsuwa ita kaɗai ba, ya ɗaure ta da jagora mai gwada ta, da hankali, da kuma abin da ya auku a zahiri.

4.2 Roma

An ga wannan a 1539, lokacin da abokan suka zauna a Roma wata uku suna shawarar ko su zama ɗariƙa mai shugaba. Da abin ya cije, suka yarda kowa ya yi addu'a shi kaɗai, kada ya zuga ɗan'uwansa, da dare kuma kowa ya kawo dalilan ƙi, washegari kowa ya kawo dalilan so, ko da ba su ne ra'ayinsa ba. Ta haka aka kafa Ƙungiyar Yesu, wadda Fafaroma ya tabbatar ranar 27 ga Satumba, 1540. A 1544 Ignatiyus ya yi kwana 40 yana addu'a a kan tambaya guda, watau ko majami'un ƙungiyar su riƙe kuɗin shiga na dindindin. Amma shi ne kuma ya rubuta wa Faransis Borjiya a 1548 cewa ya rage rabin lokacin addu'arsa, ya ba karatu da mulkin ƙasarsa.

Mutumin da ya so ya mutu yana bara a Urushalima ya ƙare shekaru 15 na ƙarshen ransa a wani ɗan ɗaki a Roma, yana shugabanci, ya bar wasiƙu kusan 7,000. Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1556, bai sake ganin Urushalima ba. Amininsa Faransis Zabiya, wanda ya kai wa'azi Indiya da Japan, ba shi aka fara zaɓa wa wannan tafiya ba. Bobadila aka sa, sai ciwo ya kwantar da shi a 1540, Ignatiyus ya kira Zabiya ya ce ya tafi a madadinsa. Ya ɗinke tsofaffin tufafinsa, washegari ya kama hanyar Lisbon.