Thierry Flamand: Gidan Bature a gindin Dutsen Mindif

Duk wanda ya bi hanyar Garoua zuwa Maroua ya san labarin Dutsen Mindif, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna Haƙorin Mindif. A gindinsa labarin fim ɗin Chocolat na Claire Denis ya gudana, fim ɗin da ya shiga gasar Cannes a 1988. Ana yawan maganar daraktar da jarumin, Isaach de Bankolé. Ni kuwa wanda ya tsaya mini a rai shi ne mai tsara wuraren fim ɗin, Bafaranshe Thierry Flamand.

Sana'arsa ita ce shirya duk abin da ido zai gani a bayan ɗan wasa, tun daga bango har fitilar da ke kan tebur. Labarin na shekarun 1950 ne, dab da 'yancin kan Kamaru a 1960, kuma ba a cika magana a cikinsa ba. To, gidan Baturen mulki ne ke maganar. Dubi banɗaki kawai. Uwargida tana wanka a rufe, boyinta Protée ne ke zuba mata ruwa daga waje. Shi kuwa nasa wurin wankan yana fili, kowa na iya hango shi. Daga baranda ana ganin ma'aikata, su kuma ba su shiga ciki sai da aiki. Can gefe ga ɗakin janareta, inda 'yar gidan ta ƙona hannunta. Wallahi ko an kashe sauti, mai kallo zai gane wa ke da iko, wa aka hana sirri.

Daga nan Flamand ya yi gaba. Ya yi aiki da Bajamushe Wim Wenders a Until the End of the World na 1991. A 2015 ya karɓi kyautar César, mafi girma a fim ɗin Faransa, saboda fādar da ya tsara a La Belle et la Bête, wanda aka ɗauka a ɗakunan Babelsberg na Jamus. An kashe kuɗi, ta kuma yi kyau, amma a wurina ba ta kai wancan wurin wankan ba.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne finafinan Kano da ake kallo a Garoua kamar a Fagge. Sau nawa muka ga an nuno talaka a falon da labulensa kaɗai ya fi ƙarfin albashinsa? An ari gida, an dasa kyamara, shi ke nan. Alhali muna da zaure, da soro, da turaka, da ɗakin amarya mai jere, kowanne da dokar wanda zai shiga da inda baƙo zai tsaya. Furodusa zai biya jarumi da mawaƙi ba gardama, amma in aka zo kan mai tsara wuri sai ka ji an ce a kira wani yaro ya gyara kujeru.