Ko Kun Sani? Kitsen Jiki Na Aika Wa Ƙwaƙwalwa Saƙo

Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamas, shi ke lura da yunwa da ƙoshi. Kitsen jiki na sakin sinadarin leptin cikin jini, ya je ya shaida masa cewa rumbu ya cika, a rage ci. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa ne suka gano sinadarin a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994.

Abin mamaki, yawancin masu ƙiba suna da leptin fiye da kima, sai dai ƙwaƙwalwarsu ba ta jin kiransa sosai. In kuma mutum ya rage ƙiba, sinadarin kan ragu, yunwa ta ƙaru. Don haka ɗora wa mai ƙiba laifin kwaɗayi kaɗai rashin adalci ne.