Ganganci Ko Kuskure: Yadda Dokar Sudan Ke Raba Laifukan Jini

A ranar 10 ga Mayu, 2018, wata kotu a Omdurman ta yanke wa Nura Husaini, 'yar shekara 19, hukuncin kisa. An yi mata auren dole, mijin ya afka mata da ƙarfi da taimakon wasu danginsa, da ya sake yunƙuri washegari sai ta daɓa masa wuƙa ya mutu. Dangin mamacin suka ƙi diyya, suka ce sai ƙisasi. A watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta mayar da shi ɗaurin shekara 5 da diyyar fam 337,500 na Sudan. Babu abin da ya canza game da abin da ya faru a ɗakin nan. Sashen dokar da aka ɗora laifin a kai ne ya canza, shi ya raba ta da igiya.

Dokar laifuka ta 1991, wadda ke hawa kan kowa daga Dar Salam da ke yammacin Omdurman har zuwa tsakiyar Khartum, ta raba kisa gida uku. Sashe na 130 shi ne kisan ganganci: mutum ya yi nufin kashewa, ko ya aikata abin da ya san mutuwa ce ƙarshensa. Hukuncinsa ƙisasi, idan kuma waliyyan jini sun yafe, alƙali na iya ɗaure shi har shekara 10, diyya kuma tana nan. Sashe na 132 kisan kuskure ne, irin na sakaci, ɗaurinsa ba ya wuce shekara 3.

Na tsakiya, sashe na 131, a nan lauyoyi ke zufa. Shi ne mai kama da ganganci, wato shibhul amdi a bakin malaman fiƙihu. Asalinsa mutum ya yi nufin duka ba kisa ba, sai ajali ya zo. Amma dokar ta faɗaɗa shi. Wanda ya wuce iyaka wajen kare kansa da kyakkyawar niyya, da wanda aka tunzura shi nan take har ya fita hayyacinsa, da faɗan da ya kaure ba shiri, duk suna iya faɗowa nan. Mai karatu da ya san Maliki zai lura cewa ra'ayin da ya shahara a mazhabar bai cika amincewa da wannan rukuni na uku ba; Sudan ta bi sauran mazhabobi ne, kuma an ga amfaninsa, domin ta nan rayuka da dama suka tsira.

Diyya kuwa raƙuma 100 ce a rubuce, ko kimarsu da kuɗi yadda Alƙalin Alƙalai ya ƙayyade lokaci zuwa lokaci.

Ƙarfin waliyyan jini ya fito fili a shari'ar malamin makaranta Ahmad al-Khair, wanda ya mutu a hannun jami'an tsaro a Khashmul Girba, jihar Kassala, a farkon 2019 lokacin zanga-zangar da ta kayar da Umar al-Bashir. Ranar 30 ga Disamba, 2019, alƙali a Omdurman ya tambayi ɗan'uwan mamacin: afuwa ko ƙisasi? Ya zaɓi ƙisasi. Aka yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa, jama'a maƙil a wajen kotu.

Ba kisa kaɗai ba. Dokar ta raba rauni, wanda ya haɗa da yanke gaɓa ko karya ƙashi, da cutarwar da ba ta wuce jin zafi ko rashin lafiya ba. Ta kuma raba ƙwace irin na 'yan dabar “tis'a ɗawila” da suka addabi titunan Khartum da hiraba ta sashe na 167, wadda sai an yi ta da makami a wajen gari, ko cikin gari inda agaji ba ya isa. A 2015 aka gyara sashe na 149 aka raba fyaɗe da zina, don a da macen da ta kasa kawo hujja tana iya komawa wadda ake tuhuma. A 2020 kaciyar mata ta zama laifi mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3.

Bahaushen Kano ko Zariya ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Kwamitin masana da ya duba shari'ar Jihar Arewa a 1958 Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya shugabance shi, kuma Final Kod da ta fara aiki a 1960 an kwaikwayo ta ne daga tsohuwar dokar Sudan. Har yau sashe na 221 da na 222 nata suna raba kisan da ke jawo hukuncin kisa da wanda ba ya jawowa.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya dagula aikin kotuna da ofisoshin 'yan sanda a babban birnin, unguwannin yammacin Omdurman kuma suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Duk wanda aka zubar wa jinin ɗan'uwa a wannan tsakani ya adana takardar likita, ya riƙe sunayen shaidu, domin da su alƙali zai tantance sashen da laifin ya faɗa.