Ƙiba da Bitamin D: Wanne Ke Janyo Wani?

A Garo, kamar sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, idan mace ta yi jiki sai a ce gado ne, haka mahaifiyarta take. Yanzu kuma wayar hannu ta kawo sabon zance, wai ƙarancin bitamin D ne ke sa ƙiba, a sha ƙwaya teɓa ta zube. Alaƙar tana nan, amma an juya ta baibai.

Fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa aikin. Ƙwayoyin halittar gado ne ke tafiyar da waɗannan matakai, shi ya sa kishiyoyi biyu za su yi sussuka a tsakar gida ɗaya, rana ɗaya ta doke su, amma gwajin jininsu ya sha bamban. A 2013 masana suka bi sawun wannan gado a jikin mutum sama da 42,000, maza da mata. Waɗanda suka gaji halin ƙiba an same su da ƙarancin bitamin D, waɗanda suka gaji ƙarancinsa kuwa ba su fi kowa jiki ba. Bitamin D cikin mai yake narkewa, sai kitse ya shanye shi ya riƙe, jini ya samu kaɗan.

Wani zai ce ai a kan Turawa aka yi binciken. Gaskiya ne, kuma baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana, balle ga matar da yawancin wuninta a ɗaki yake. Amma wannan hujja ce ta a yi namu binciken, ba ta sayen ƙwaya da ka ba. A Jos, a 1999, an gano cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sinadarin kalsiyam suka fi rasawa, wanda ke cikin nono, duk da cewa littattafan likitanci bitamin D suka saba ɗora wa laifin.

Don haka mai jiki da ke fama da ciwon ƙashi ko kasala ta je asibiti a duba ta, idan an rubuta mata bitamin D ta sha domin ƙashinta. Rage nauyi kuwa yana wurin abinci da motsa jiki. Kuɗin ƙwayar nan ya fi amfani a ƙwai, kifi da ƙwaryar nono.