Hayaƙin Naitiro a Filin Tseren Motoci: Abin da Ya Kamata Ɗan Kallo Ya Sani

A ƙasar Amurka akwai wani irin tseren motoci wanda ya sha bamban da na zagaye fili da aka saba gani. Motoci biyu kaɗai ake jerawa a bakin wata miƙaƙƙiyar hanya, da an kunna koriyar fitila sai su zabura, wadda ta riga kai ƙarshe ita ta ci. Babbar ƙungiyar da ke kula da wannan wasa ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a jihar Kalifoniya cikin 1951, da nufin janye samari daga yin tsere a kan titunan gari. Tsawon hanyar tun asali rubu'in mil ne, watau ƙafa 1,320. Amma a 2008, bayan da wani direba mai suna Scott Kalitta ya mutu a haɗari a filin Englishtown, sai aka rage wa manyan motoci tsawon zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305 ke nan. Motocin sukan cinye wannan nisa cikin ƙasa da sakan 4, suna gudun fiye da kilomita 530 a awa.

Wannan wasa ba na ƙasar nan ba ne. Sai dai 'yan Nijeriya da yawa suna zuwa Amurka da Ingila don karatu ko aiki ko ziyara, kuma abokai sukan gayyace su kallo, ko a Pomona, ko a Indiyanapolis, ko a filin Santa Pod na Ingila wanda aka buɗe a 1966. Haɗarin da kowa yake tsammani a irin wannan wuri shi ne mota ta ƙwace ko inji ya fashe. Akwai kuwa wani wanda 'yan kallo suke kai kansu gare shi da ƙafarsu, suna murna, shi ne hayaƙin da ke tashi sa'ad da ake ɗumama inji.

Man da yake ɗauke da iskarsa

Manyan motocin nan ba su shan fetur. Abin da ake zuba musu shi ne wani ruwa mai suna naitiromitan, wanda masu wasan suke kira naitiro a taƙaice, a gauraya shi da mitanol. Dokar ƙungiyar ba ta yarda naitiro ya wuce kashi 90 cikin ɗari ba. Ba sabon abu ba ne a wasan, har ma ƙungiyar ta taɓa hana shi a 1957 saboda tsoron haɗari, daga bisani ta janye hanin cikin shekarun 1960.

Dalilin da ya sa ake son sa kuwa shi ne wannan. Kowane mai yana bukatar iskar oksijin kafin ya ƙone. Kilo ɗaya na fetur sai ya sami iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, amma kilo ɗaya na naitiro iska kilo 1.7 ta ishe shi, domin yana ɗauke da oksijin a cikin jikinsa. Ke nan a cikin silinda guda ana iya ƙona naitiro ninki takwas na fetur. Ko da yake zafin da kilo ɗaya nasa yake bayarwa kimanin rubu'in na fetur ne kawai, yawan da ake ɗurawa ya rufe wannan giɓi har ya ninka ƙarfin injin fiye da sau biyu. Injin mai silinda 8 ne, kowace silinda da fulogi biyu, ga kuma na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi. An ƙiyasta ƙarfinsa ya haura na doki 10,000. Tsakanin ɗumamawa da tseren kansa, mota guda takan sha mai lita 50 ko fiye.

Injin da ake wa irin wannan azaba ba ya jure tsere biyu a jere. Duk sa'ad da mota ta dawo, sai makanikai su kwance shi, su duba fistan da sauran kayan ciki, su sake ɗaure shi, sau da yawa cikin abin da bai wuce awa guda ba. A ranar ƙarshe motoci 16 ne suke shiga, ana fitar da rabi a kowane zagaye, saboda haka motar da za ta kai ƙarshe sai ta yi tsere huɗu. Kafin kowane tsere kuwa dole a tada injin da aka ɗaure a gwada shi.

Abin da ke faruwa a rumfar makanikai

Al'adar wannan wasa ita ce tikitin shiga fili yana ba mutum damar shiga har wurin da makanikai suke aiki. Kowace ƙungiyar tsere tana da babbar tirela, a gefenta an kafa rumfa, motar tana ƙarƙashin rumfar, igiya kawai ce ta raba ta da jama'a. In lokacin gwaji ya yi sai a ɗaga tayoyin baya, direba ya shiga, a tada injin da mai mara ƙarfi tukuna, sa'an nan a buɗe masa naitiro. Nan take muryar injin takan sauya, ƙasa ta riƙa girgiza, wani hayaƙi mai ɗan rawaya ya turnuƙe rumfar. Makanikai suna duba yoyo, suna daidaita wuta da kuloci. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci.

Mai lura zai ga abu guda a nan. Direba da makanikai, waɗanda suka fi kowa sanin wannan mai, galibinsu sun rufe fuskokinsu da takunkumi mai matatar iska. 'Yan kallo kuwa suna turereniya su matso kusa da igiya da fuska a buɗe. Cikin sakan kaɗan idanu sun kawo ruwa, hanci yana zuba, maƙogwaro yana ƙuna, kamar wurin da aka harba barkonon tsohuwa. Waɗansu sukan gudu suna tari, waɗansu su daure har a kashe injin, su fito suna hawaye suna dariya. A wurinsu wanda bai sha naitiro har ya yi hawaye ba bai zo kallo ba, kuma baƙon da aka kawo karon farko shi ake turawa gaba.

Abin mamaki, wannan ɗan gwajin ya fi tseren kansa shayar da mutum hayaƙi. A lokacin tsere ɗan kallo yana can nesa a kan benci, motar ta wuce cikin ƙiftawar ido, iska ta kwashe abin da ta bari. A rumfa kuwa motar tana tsaye wuri ɗaya, taku kaɗan tsakaninta da mutum, sama a rufe, gefe guda tirela ta tare. Bugu da ƙari, inji mai silo ana ɗura masa mai fiye da abin da zai iya ƙonawa, saboda haka wani sashe yana fitowa ɗanye ta bututun hayaƙi, waɗanda gajeru ne, ba salansa, ba matata.

Abin da ke cikin hayaƙin

Ba abu ɗaya ba ne. Akwai tururin naitiro wanda bai ƙone ba. Akwai fomaldehaid, wanda ke samuwa in mitanol bai ƙone sarai ba, abu ne mai tsananin yaji a ido da hanci. Akwai iskokin da ake kira oksaid na naitirojin, musamman naitirojin dayoksaid, mai launin rawaya zuwa ƙasa-ƙasa, wanda in ya gamu da danshin ido ko na hanyar numfashi yakan zama asid. Sa'an nan akwai kabon monoksaid, kamar yadda yake a hayaƙin kowane inji.

Kuskuren da 'yan kallo suke yi shi ne suna auna haɗarin da yajin da suka ji. In hawaye ya tsaya, tari ya lafa, sai su ɗauka magana ta ƙare. Ga mafi yawan masu lafiya, waɗanda suka tsaya ɗan lokaci a wuri mai iska, haka ɗin ne, ba kuwa daidai ba ne a tsorata jama'a da abin da bai kai ba. Amma yaji ba ma'auni ba ne abin dogara, domin biyu daga cikin iskokin nan ba sa yin gargaɗi gwargwadon ɓarnarsu.

Naitirojin dayoksaid ba ya saurin narkewa cikin ruwa. Saboda haka danshin hanci da maƙogwaro ba sa tare shi duka, sai ya wuce har can ƙasan huhu, inda iska take shiga jini. Mutumin da ya shaƙe shi da yawa yana iya tafiya gida lafiya lau, sai bayan awoyi, wani lokaci har kwana guda, huhunsa ya fara tara ruwa, numfashi ya gagara. Likitoci sun daɗe da sanin wannan daga manoman Amurka masu cika dogayen rumbuna da ɗanyen abincin dabbobi, inda irin wannan iska takan taru, har ana kiran cutar da sunan masu cika rumbu. A wajen waɗansu ciwon yakan lafa ya sake dawowa bayan makonni. Gaskiya ne rumbu rufaffen wuri ne, rumfar makanikai kuwa tana da ɓangarori a buɗe, saboda haka ba ɗaya suke ba. Duk da haka iskar ɗaya ce, halinta na jinkirta ciwo kuma bai sauya ba. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta yarda ma'aikaci ya yi aikin awa 8 a iskar da ke da naitiro kashi 100 cikin miliyan, amma ga naitirojin dayoksaid ba ta yarda a wuce kashi 5 cikin miliyan ba ko da na ɗan lokaci ne.

Kabon monoksaid kuwa ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa hawaye. Yana kama jini fiye da yadda oksijin yake kamawa sau 200 da ɗoriya. Alamunsa ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, waɗanda mutumin da ya wuni a rana zai ɗauka zafi ne ko gajiya. Jama'ar ƙasar nan sun san aikinsa, domin shi ne yake kashe iyali a cikin barci in an kunna janareta a ɗaki ko a kusa da taga.

Game da ciwon daji, ya kamata a faɗi magana daidai. A shekarar 2000 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa naitiromitan a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa ɗan Adam wannan cuta. Hujjar ta fito ne daga ɓeraye da aka shayar da tururinsa har shekara biyu. Fomaldehaid kuwa a 2004 hukumar ta tabbatar yana jawo ta. Wannan magana ta fi shafar makanike mai aiki cikin hayaƙin mako bayan mako, shekara da shekaru, fiye da wanda yake zuwa kallo sau ɗaya a shekara. Shi ɗan kallo abin da ya fi kusa da shi shi ne numfashinsa na wannan rana da daren da ke biye.

Waɗanda bai kamata su matsa ba

Mai ciwon fuka shi ne na farko. Naitirojin dayoksaid da fomaldehaid duka suna sa hanyoyin iska na huhu su tsuke, kuma ciwon yana iya tashi nan take a tsakiyar cunkoso, inda fita da sauri take da wuya. Haka mai tsohon ciwon huhu, da mai ciwon zuciya, da mace mai ciki. Yara ƙanana kuma suna shaƙar iska da yawa in aka gwada da girman jikinsu, ga hanyoyin numfashinsu ƙanana. Uban da ya ɗora ɗansa a wuya don ya hango motar ya hana shi abin da babba yake iya yi, watau ja da baya in abin ya yi masa yawa. Ƙarar injin ma abin kula ce, don a wurin tashi takan kai desibal 150, wanda ya isa ya ɓata ji. Toshe kunne wajibi ne ga babba da yaro.

Wanda yake da lafiya kuma yana son ya gani, sai ya duba inda iska take kaɗawa, ya tsaya ta inda take fitowa, a wajen rumfa, a gefen taron jama'a inda hanya take buɗe. Da ya ji idanu sun fara yaji, lokacin tafiya ya yi. Hankici, ko gefen riga, ko takunkumin takarda irin na ƙura, duk ba su tare waɗannan iskoki, ƙura kaɗai suke tarewa. Ko takunkumin makanikai ma, irin wanda aka yi don tururin mai da fenti, ba ya tare kabon monoksaid.

In hayaƙi ya kama mutum, a fitar da shi wuri mai iska, ya zauna a miƙe, a wanke idanu da ruwa mai tsabta na mintoci da dama ba tare da murzawa ba. Mai fuka ya yi amfani da maganinsa na shaƙa. Manyan filayen tsere suna da ma'aikatan lafiya a wurin, a neme su in tari ya ƙi tsayawa ko kai ya riƙa sarawa. Bayan an koma masauki, in aka ga numfashi yana sarƙewa, ko ƙirji ya ɗaure, ko kaki mai kumfa yana fitowa, ko leɓuna sun sauya launi, a tafi asibiti a daren nan, kada a jira gari ya waye. A gaya wa likita cewa an shaƙi hayaƙin naitiromitan, da lokacin da abin ya faru. Wannan bayani yana da amfani ta wata hanya kuma, domin naitiromitan da ke cikin jini yana iya ruɗa wani gwajin ƙoda da asibitoci suka saba yi, ya nuna ƙodar ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.