Abin Da Zuwan Turawa Ya Bari A Ɗakunanmu

Iyayena mata, yayyena da ƙannena da ke cikin gidaje, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, daga Kwarbai har Limancin Kona. Wadda ke tuƙin tuwo ta ci gaba da tuƙinta, wadda ke ɗinkin hula ta riƙe allurarta, kunne kawai nake aro.

Yau zancen namu na tarihi ne. Na san wata za ta ce, to Hajiya, ina ruwan matar kulle da yaƙin da aka yi tun kafin a haifi kakarta? Ki saurara 'yar'uwa. Maza su ke fita fagen fama, amma in ƙura ta lafa, abin da yaƙi ya bari cikin gida yake shigowa, mace ce kuma ke zama da shi.

A shekarar 1900 Gwamna Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannun Ingila. A lokacin Kwasau ne Sarkin Zazzau, kuma Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙauyukan ƙasar nan da hare-hare. Kwasau ya nemi Turawa su kawo masa ɗauki. Suka zo a 1902, suka kama Nagwamatse, amma suka ƙi komawa. Shi ya sa ba a yi wani babban yaƙi a bakin ganuwar Zariya ba, irin wanda aka yi a Kano da Sakkwato a 1903. Baƙon da aka kira shi ya zauna ya zama mai gida. Ba a daɗe ba suka tuɓe Kwasau, daga baya aka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, shi ma bayan shekara goma sha wani abu suka tuɓe shi, ya rasu a Lakwajan a 1924. Mulkin nan bai ƙare ba sai 1960.

Wannan labarin fada ne. To na cikin gida fa? Abu uku zan kawo miki.

Na farko, bauta. Turawa sun hana harin kamun bayi, sun rufe kasuwar sayar da mutane, sun kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne. Amma bautar ba ta mutu dare ɗaya ba, sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda ta ga zuwan Turawa da idonta. A garin Giwa ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta nuna yadda hankalin mata ya kwanta da aka daina sace su a gona da hanyar rafi, ta kuma nuna yadda bayin danginta suka watse daga rinji, arzikin gida ya ragu. Kin ga abu ɗaya, wani na dariya wani na kuka.

Ga abin da ya shafe ki kai tsaye. Kulle ya girmi Turawa, malamai da sarakuna da attajirai suna yinsa tun da can. Amma a ƙauyuka, baiwa ce ke yini a gona tana noma, ita ke ɗauko itace. Mijin Mary Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya lura cewa da mata suka sami 'yanci, da yawa sun ajiye fartanya sun shiga gida, don a san su yanzu 'ya'ya ne. Wato ga waɗannan kakannin namu, zaman gida shaidar 'yanci ne da mutunci. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu, kuɗi. Da wuri ake ciniki, sai aka kawo anini da kwabo da sule, aka ce da su za a biya haraji. Ina talaka zai samo? Dole ya noma abin da Bature ke saye, wato auduga da gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, da ƙarfin talakawan da aka ɗiba aikin diga. Aka kafa injin gurzar auduga a nan Zariya, Sabon Gari ya tashi a wajen ganuwa kusa da tasha. Audugarmu ta tafi Ingila ta dawo mana yadi. A da, da wuya ki shiga ɗakin mace ba ki ga mazari da alli ba. Da kaɗi take sayen kwanonin 'yarta, da shi take biki da suna. Sannu a hankali zaren kanti ya kashe wa zaren hannu kasuwa. Mata ba su zauna sun rungume hannu ba, suka ƙarfafa ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ƙosai da ɗinki. Sai dai matar da ba ta fita, wa zai kai mata kasuwa? 'Yarta. Talla ta daɗe, amma nan ta ƙara nauyi a kan yarinya.

Ba kuɗi kaɗai aka ɗiba ba, har da maza. A yaƙin duniya na biyu an kai samarinmu har Bama, an kuma tilasta wa dubban magidanta aikin haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944. Wasu sun dawo, wasu shiru. Mata su suka riƙe gidajen nan.

Na uku, karatu, kuma nan ne miki ya fi zurfi. Kafin Turawa muna da karatunmu na allo da na littattafai, muna rubuta Hausa da ajami. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, mata na koyar da mata har cikin ƙauyuka. Da boko ya zo, tare da mai bindiga da mai mishan ya zo. Likita Mila ya zauna a cikin birnin nan daga 1905, sai a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa. Uwar da ta ɓoye ɗanta a rumbu don kada a kai shi makaranta ba wauta ta yi ba, abin da ta gani ne ya tsorata ta. Su kansu Turawan ba su damu da karatun 'ya mace ba, sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina. Saura kuma, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a shekarun 1970, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, sun sha ɗauri a kan haka.

Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne. Amma macijin ya tafi fiye da shekara sittin, mu kuma a wasu gidajen har yau muna gudun tsumma. Garin da ke da Barewa da Alhudahuda da Jami'ar Ahmadu Bello, malaman cikinsu 'ya'yanmu ne. Amma ki je asibiti da naƙuda ki ce ke likita mace kike so, in babu, wa za ki zarga? Yarinyar da za ta zama likitar tana can da tiren talla a ka.

Ki tuna kakannin nan da suka shiga gida don a daina ɗora musu kayan wahala a rana. In mun ɗauki kayan nan mun ɗora wa 'yar shekara tara, mun riƙe gadonsu ke nan? Ba na ce ki daina sana'a ba, na san da ita ake rufa asiri. Amma ki zauna da maigida cikin ladabi ku tsara, tallar ta koma bayan an tashi makaranta, ko a nemi mai sari ya zo har zaure. Ke ma kanki, akwai Islamiyyar matan aure da ajin yaƙi da jahilci a unguwanni, girma ba ya hana karatu.

Aikin da zan bar miki a makon nan ƙarami ne. In akwai tsohuwa a gidanku, ki kai mata goro ki zauna kusa da ita. Ki tambaye ta abin da uwarta ta gaya mata na zamanin haraji da diga da kaɗi. Ki sa 'yarki ta ɗauki biro ta rubuta, da boko ko da ajami. Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, abin da ba a rubuta ba da su zai tafi.

A nan zan dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.