GANE HADARI DA GIZAGIZAI: YANAYIN SAMA A WUSASA DA KEWAYE

Ya ku manoma, Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka ruwan sama yake. Wanda ya saba duban sama yakan san ranar shuka, da ranar sa taki, da ranar da bai kamata ya baza shanya ba.

Abin da za mu sa rai a shekara

Iska biyu ce ke mulkin ƙasarmu. Ɗaya takan taso daga arewa maso gabas, daga hamada, busasshiya mai ƙura. Ita ce hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ɗaya kuwa takan fito daga teku, ta kudu maso yamma, tana ɗauke da laima. Sa'ad da ta kudu ta ture ta arewa ta wuce mu, sai damina ta kama.

A nan Wusasa da Samaru da ƙauyukan Zariya, ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, watau inci 40. Ruwan fari yakan sauka a Afrilu ko Mayu, amma damina ba ta cika zama sosai ba sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Agusta ne ya fi ruwa, sa'an nan ya ɗauke wajen farkon Oktoba. Shekaru ba ɗaya ba ne, gama dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Domin haka a riƙa sauraron rediyo. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, takan ba da hasashen damina a farkon kowace shekara.

Irin gizagizai

Wani mutumin Ingila, Luke Howard, shi ya tsara sunayen gizagizai a 1803. Yau masana sun kasa su iri 10, amma huɗu sun ishi manomi.

1. Mai kama da gashin tsuntsu. Fari ne, siriri, can ƙololuwar sama, fiye da kilomita 6. Ƙanƙara ce zalla a cikinsa, ba ya ba da ruwa. Wani irinsa ne yakan sa a ga zobe kewaye da wata.

2. Mai kama da tarin auduga. Yakan fito da hantsi, gindinsa a shimfiɗe, kansa curi-curi. In ya tsaya ƙanana a warwatse, ranar aiki ce. In kuwa ya yi ta tsawo kamar hasumiya bayan tsakar rana, a lura.

3. Hadari. Shi ne na biyun nan da ya girma, gindinsa baƙi ƙirin, kansa ya baje kamar uwar maƙera. Yakan kai kilomita 15 a tsawo. Ko da yake laima daga kudu take zuwa, hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, domin iskar da ke can sama yamma take tura shi. Alamarsa ita ce zafi da cikowa, sa'an nan iska mai sanyi da ƙura, ruwa kuma ya biyo baya da ƙarfi.

4. Mai kama da bargo. Toka-toka ne, ya rufe sama duka. Shi ne na marka a Agusta, mai yayyafi wuni guda. Irin ruwan nan ne ya fi shiga ƙasa.

Hazon hunturu kuwa ba girgije ba ne, ƙura ce, mai yawanta daga ƙasar Chadi.

Abin da ya kamata mu yi

Kada ruwan fari ya ruɗe mu. Sau da yawa yakan ɗauke kwana 10 ko fiye, iri ya tsiro ya ƙone. A jira ruwa mai kamar milimita 25 cikin kwana biyu ko uku, a tona a ga laima ta kai tsawon tafin hannu, kāna a shuka masara.

In hadari ya haɗu, kada a watsa takin zamani a bisa ƙasa, gama ruwa zai tafi da shi. A tona a binne kusa da shuka. Kada kuma a yi feshi, maganin zai wanke, kuɗi ya tafi a banza. Da kaka, a kwashe shanyar gyaɗa da masara da zarar gabas ta yi duhu, domin hatsin da ya jiƙe yakan yi fumfuna mai cutarwa.

Game da tsawa, in ka ga walƙiya, ƙidaya daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan. In bai kai 30 ba, bar gona ka shiga ɗaki. Kada ka fake gindin itace, a kuma gargaɗi yara masu kiwo.

Allah ya ba mu damina mai albarka.